Nauyin Ƙofa

Da asubar Laraba ya tsinke.
Ƙara ɗaya tak, kamar an maka wa daro taɓarya.
Lawandi ya leƙo ta katanga, tocila a hannu:
"Mi ya faru? Ɓarayi ne ko taya?"
Ba ko ɗaya.
Sifirin ƙofar gareji ne ya gaji.

Shekara goma sha bakwai ina ɗaga ƙofar nan da hagu,
makulli a baki, jaka a kafaɗa,
tana naɗewa sama kamar tabarma.
Ran nan na sa hannu biyu, na sa gwiwa, na sa bisimilla,
ta tashi taƙi ɗaya, ta koma ta zauna.
Ashe ba ƙarfina ba ne.

Kwana uku mota na ciki tana kallon bango,
ni ina bayan ɗan acaba, na dafe hula,
daga Sabuwar Unguwa har sakatariya.
Garin da ake ƙirga ƙofofinsa da alfahari,
ni guda ɗaya ta kayar da ni.

Ran Asabar na kai guntun wurin Sada mai walda,
can gefen Ƙofar Ƙaura.
Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya jefar cikin tarkace.
"Wanga ba ya ɗinkuwa. Sayi sabo.
Murɗa bakwai za ka yi, kar ka ƙara, kar ka rage.
In kana murɗawa, kawar da fuskarka daga hanyar sanda."
Ya ɗaga leɓe ya nuna mini giɓi,
ban ƙara tambaya ba.

Tsanin aro ne, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya.
Barira ta riƙe mini shi,
sifana da filaya a bakin zanenta.
Can sama, inda ido bai taɓa zuwa ba,
gidan zanzaro, ɓawon ƙwan tsaka,
tsatsa tana zubo mini a gira kamar garin barkono.
Noti na farko ya bi da lalama.
Na biyu sai da ya sha kananzir, ya ci fatar yatsana.

Sai hannuna ya taɓa wani abu mai danƙo,
tsohon mai, baƙi, ya daskare a jikin bututun.
Na ce, "Wa ke shafa wa abin nan mai?
Ni dai ban taɓa ba."
Barira ta yi shiru har na waiwayo.
"Inna ce. Duk ƙarshen damina.
Da man keken ɗinkinta, da gashin kaza.
Turmi take kifawa ta hau.
Ta ce kukansa na tashe ka in ka yi barcin rana."

Damina uku ke nan turmin yana tsaye a madafa.

Na sa sanda a rami, na fara murɗa.
Ƙarfen yana nishi, yana ja da ni,
kowane zagaye ya fi na baya taurin kai.
Barira na ƙirgawa daga ƙasa:
ɗaya, biyu, uku,
a wajen huɗu muryarta ta shige wani wuri,
ni ma ba na nan.
Da muka dawo, ta ce biyar, na ce shida.
Muka bar shi a biyar.

Na ɗaure noti, na sauko.
Yatsa ɗaya na sa, ƙofar ta tashi har da gaggawa,
rana ta faɗa kan ƙurar gilashin mota.

Murɗar ta yi yawa, na sani.
Yanzu in na rufe ban sa kwaɗo ba,
sai ta ɗaga kanta kamar faɗin tafin hannu.
Kajin Lawandi sun gano hanyar.
Sada ya ce in hau in rage ɗaya.
Na ce to.

Jiya na tsinci gashin kaza a ƙarƙashin motar,
na sa shi a aljihun gaba.